Alhaji Wuf da gyaran muryar ladan

Da sunan Allah nake farawa, wanda in Ya ba bawa abu, ba mai ƙara tayi ya karɓe.

Jikata Hauwa'u ce ta tono mini wannan zance. Tana sayen kaya a gwanjon da ake yi ta waya, ta sayar wa matan unguwa. Ran nan ta shigo tana huci, wai ta yini tana gadin wani keken ɗinki, tayinta ne a sama, saura ƙiftawar ido a rufe, sai wani da ba ta san ko ɗan wane gari ba ne ya ɗora ɗan ƙari ya wuce da shi. Ta zaunar da ni tana yi mini bayani kamar ban taɓa jin kalmar gwanjo ba. Mai kaya ya sa hoto, ya yanke lokacin rufewa. Kowa ya rubuta tayinsa. In kana so, ka gaya wa na'urar iyakar abin da za ka iya biya, ita ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan ko kana barci. Wanda lokaci ya cika tayinsa na sama shi ya saya, ya biya, a aiko masa. Ƙannenta suka ce ai sana'ar ta koma ta ɗan yatsa, dā can ma ihu ne kawai da kaɗa ƙararrawa, ko akuya aka ɗaura wa ƙararrawar za ta iya.

To, ku gyara zama. Ni Sule na ci abinci da wannan ihun tun gemuna yana baƙi, tsakanin Gusau da Tsafe da Bunguɗu.

Kayan aikina ba su cika buhu ba. Akwai ƙararrawar tagulla mai mariƙin katako, wadda na gada wurin maigidana. Akwai benci mai ƙarfi, don mai gwanjo dole ya fi kowa tsawo a wurin, ni kuwa Allah bai ba ni tsawo ba. Akwai alli, da nake rubuta sunan wanda ya saya a jikin kaya da ajami, tunda shi na iya. Sai citta da kanumfari a aljihu saboda maƙogwaro. Babban kayan aikin dai ido ne. Kana tsaye a kan benci, bakinka na cewa kaza na samu, wa zai ƙara, idonka kuma yana can yana tantance wanda ya zo saye da wanda ya zo shan inuwa. Mai saye na gaske ba ya kallon abin da yake so. In ka ga mutum ya juya wa gado baya yana yabon butar da ke gefe, to gadon ya kawo shi.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Ummaru Mai-ƙararrawa, Allah Ya jiƙansa. Na daɗe ina bin sa kafin ya bar ni in hau bencin. Ranar da ya fara barina in hau, a Bunguɗu ne, kayan wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki. Na ɗaga wata fitilar ƙwai, na ce wa zai taya. Sai na hangi wani dattijo ya ɗaga hannu. Na ƙara kuɗi. Ya sake ɗagawa, na sake ƙarawa. Na kaɗa ƙararrawa ina murna, na ce Baba fitila taka ce. Dattijo ya ce wace fitila? Ashe mai unguwa ne ya iso da mutanensa, shi kuma yana yi musu jinjina ɗaya bayan ɗaya. Baba Ummaru ya jawo ni daga kan bencin ta bakin riga, ya ce, “Sule, ƙasarmu ƙasar gaisuwa ce. In ka ce da hannu za a yi tayi, kafin la'asar ka sayar wa hakimi da gari duka. Tayi da baki aka yin shi. Abin da kunnenka bai ji ba, ba a faɗe shi ba.” Daga ranar, ko mutum ya ɗaga hannu da ƙafa, in bai buɗe baki ba, ba ruwana.

Wani aiki da na yi a Karakkai, keke ne na wani mutum da ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsa suna nan. Shari'a ta hana mutum ya taya abin da ba shi da niyyar saye don kawai ya zuga wasu, kuma kafin in fara kullum sai na tuna wa jama'a haka. Shi wannan bawan Allah ya ga ya fi Shari'a dabara. Ya kira ƙanin matarsa a ɓoye, ya ce ka riƙa ƙarawa har sai ka ga wani ya ɗauki zafi, sannan ka janye. Don kada a samu matsala, ya sake samo wani abokinsa daga Gusau ya gaya masa haka. Abin da ya manta shi ne bai haɗa su sun san juna ba. Aka fara. Masu saye na gaske suka janye tun da wuri, aka bar mutum biyun nan, kowa na ganin ya samu wawan da aka ce ya zuga. Wannan ya ƙara, wancan ya ƙara, har keke ya haura kuɗin babur. Mai keke yana bayan taro yana ta ƙifta ido, yana tari, yana jan kunne. Da na kaɗa ƙararrawa, ƙanin matar ya juya ya ce, “Yaya, ga shi na ci, kawo kuɗin.” Mai keke ya tura kekensa gida da ƙafa, don kunyar hawansa yake ji.

Kada ku ɗauka kullum dariya ce. Bayan an ba mu jiha, aiki ya buɗe, ma'aikata na zuwa, wasu na tafiya, kowa da kujerun da zai rabu da su. Sai shekarar wahalar mai ta zo. Motoci suka yi layi a gidajen mai har direbobi suka fara shanya wanki a jikinsu. Mutanen ƙauye ba sa iya zuwa, 'yan gari kuwa kowa sayarwa yake so, ba mai saye. A shekarar na daina jin kalmar albarka daga bakin masu kaya, ko me aka taya sai ka ji an sallama. Akwai wata rediyo mai ɗaurin roba da ta yi ta dawowa hannuna, wanda ya saya wannan wata shi zai kawo ta wata mai zuwa, har na san tashar da take kamawa ba tare da an mare ta ba. Wata rana a Bunguɗu na hau benci na kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya zo sai jakin wani mai itace, ya tsaya ya dube ni, ya yi kuka ya wuce. Na sauko na nannaɗe tabarma. A daminar nan gonar surukina a 'Yankuzo ce ta riƙe gidana, kuma mun gode Allah.

Yanzu ga abin da nake so ku ji, ku da kuke ganin agogon waya sabon abu ne. Mu ma muna da lokacin rufewa. Ƙananan kaya da ƙararrawa ake sallama su nan take. Amma babban kaya na ranar, Baba Ummaru ya kafa masa doka: a buɗe tayinsa bayan azahar, a bar shi a buɗe, da ladan ya ɗaga murya da kiran la'asar an rufe. Wanda tayinsa ke sama a lokacin shi ne mai kaya. Dalilinsa, ya taɓa ganin mutum biyu sun yi ta ja-in-ja kan gadon ƙarfe har rana ta yi ja ba wanda ya yi salla, ya rantse ba za a ƙara haka a gabansa ba. Dokar ta yi kyau, don ba mai gardama da ladan, kuma da an fara kira ba sauran magana sai amsawa.

Sai dai ba dokar da ɗan Adam bai nemo mata ƙofar baya ba. A Tsafe akwai Alhaji Garba, wanda yake sayen kayan gwanjo ya kai Gusau ya sayar. Ba wanda ke kiran sa da sunansa sai a gabansa, a bayan ido Alhaji Wuf ne. Ya lura da ladanin masallacin bakin kasuwa, Malam Isa, tsoho mai yawan majina. Kafin ya kira salla sai ya ƙwanƙwasa bakin lasifika da yatsa, ya hura, ya yi gyaran murya mai tsawo wanda duk unguwa ke ji, sannan ya fara. To a wannan ɗan tsakanin Alhaji ke cin abincinsa. Zai shimfiɗa buzunsa a inuwa, ya lumshe ido, carbi a hannu, ba zai ce uffan ba duk yini. Da Malam Isa ya yi ƙwas-ƙwas, sai ka ji muryar Alhaji kamar daga rami: “Na ƙara.” Kafin wanda tayinsa ke sama ya haɗiye yawu ya mayar, an fara kira. Na sha ganin ƙarti suna cizon hula saboda shi. Kuma bai karya doka ba, ba yadda zan yi da shi.

Aikin da ba na mantawa shi ne na Maman Ngozi, shekarar da mai ya fara samuwa. Ita da mijinta mutanen kudu ne, Kiristoci, sun daɗe a Tsafe har 'ya'yansu ba sa jin wani yare kamar Hausa. Mijin ya yi ritaya za su koma gida. Tana da injin niƙa mai shan gas, wanda rabin tuwon unguwar daga bakinsa ya fito, kuma ya fi ƙarfin motar da za ta kwashe su. Gidan yana kallon masallacin Malam Isa. Muka fito da kaya ƙofar gida, na sayar da kujeru da fanka da tukwane, aka yi azahar, na buɗe tayin inji.

Cikin masu so akwai Mamman Dogo, manomi daga Bilbis. Tun da safe ya zo, ya zagaya injin, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya shinshina. Ya ja ni gefe ya ce, “Malam, san huɗata na sayar saboda injin ga. Uwar ɗiyana ta ce in na dawo ba sa ba inji, in wuce gidan gwaggona kai tsaye.” Ga damina ta kusa. In inji ya kuɓuce masa, ba abin huɗa, ba sana'a, kuɗin sa kuwa kowa ya san yadda suke narkewa a aljihun mai iyali. Na ce masa ya yi addu'a, kuma ya kama bakinsa, kada ya bari a san iyakarsa.

Aka fara. Wani tela ya taya, Maman Ngozi ta ce albarka. Wani mai shayi ya ƙara, Mamman ya ƙara, aka haura abin da ta ce ba za ta sallama ƙasa da shi ba. Tela ya janye. Mai shayi da Mamman suka yi ta yi, har mai shayi ya ce shi kam ya koma ga tukunyarsa. Mamman ya tsaya a sama, gumi na zuba. Maimakon ya yi shiru, sai ya juya ya fuskanci jama'a, ya zazzage aljihunsa duka biyu suka fito kamar kunnen zomo, ya ce, “Jama'a ku shaida, iyakata ke nan. San duka na sa, har wutsiya. Don Allah kowa shi yi haƙuri.”

Na dafe kai. A inuwar ɗorawa kuwa, Alhaji Wuf ya buɗe ido ɗaya ya mayar.

Maman Ngozi ta gane wasan, kuma ita ma ba ta son sa, don in Alhaji ya yi ƙarinsa na ƙarshe, ɗan kaɗan zai ɗora. Ta je ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

“Alhaji, bakinka azumi yake yi ne? In kana so ka taya yanzu mu ji, kamar kowa.”

“Madam, ni hutawa na zo yi.”

“Hutawa? Gidanka ba inuwa? Shekara nawa ina niƙa wa matanka, ko sau ɗaya ba ka zo hutawa ƙofata ba sai yau.”

“Iskar nan ta fi daɗi,” in ji Alhaji, ya ci gaba da jan carbi.

Mamman ya rasa inda zai sa kansa. Ya je ya durƙusa gaban Alhaji ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya sake tambayar iyali. Ya ce ashe kakarsa ma 'yar Tsafe ce, wataƙila in an bincika su dangi ne. Alhaji ya ce madalla, Allah Ya bar zumunci. Mamman ya dawo wurina ya ce a hankali, ko zan kaɗa ƙararrawa yanzu a huta? Na ce ba ni ke rufewa ba. Ya ce to ko shi je ya roƙi Malam Isa ya kira da wuri, ai ga hadari-hadari? Na ce, “Mamman, ka ji tsoron Allah. Lokacin salla ba kayan gwanjo ba ne.” Ya ce astagfirullah, ya koma ya rungume injin ta baya kamar mai riƙe da ɗan maraƙi.

Inuwa ta miƙe. Muka ga Malam Isa ya fito da butarsa, ya yi alwala a gindin bango, ya shiga masallaci. Mai shayi ya bar shayinsa ya dawo kallo. Alhaji ya tashi zaune, ya gyara hula, ya karkata kunne wajen lasifikar da ke kan soro, ya ɗan buɗe baki, kalmar tana kan harshensa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne an ɗauke wuta. Rana ce, ba fitilar da za ta nuna, fankar gidan kuma na riga na sayar da ita tana ɗaure a bayan keken wani. Malam Isa ya ƙwanƙwasa abinsa a ciki, ya hura, ya ji shiru. Ya yi gyaran muryarsa shi kaɗai a ɗaki, ya fita ta ƙofar baya, ya hau 'yar matakalar ƙasa da ake kira a kanta tun kafin zuwan lasifika. Mu duka idonmu na kan soro. Sai kawai muka ji daga gefen bango, da muryar tsoho tsirararta:

“Allahu akbar, Allahu akbar!”

Alhaji ya zabura, bakinsa a buɗe. Mutumin da tun yana yaro uwarsa ta koya masa amsa kiran salla, harshensa bai tsaya shawara da shi ba. Da ƙarfin da ya tara don tayi, duka ya fito: “Allahu akbar, Allahu akbar!” Ya fi kowa ɗaga murya a wurin. Ya ji abin da ya faɗa, ya zaro ido. Ya ɗaga hannu yana kaɗa mini, ya ɗaga ɗayan, ya nuna inji da carbi, bakinsa kuwa na ci gaba da bin ladan jimla bayan jimla, don ba zai iya yankewa ba a gaban mutane. Ni ma ina amsawa, ina kallon sama don kada dariya ta ɓata mini. Mamman yana amsawa da kuka-kuka, fuskarsa a jikin mazurarin inji, har muryarsa na fitowa ta ƙasa inda gari ke zuba.

Da aka gama aka yi addu'a, na kaɗa ƙararrawa. Alhaji ya taso, babbar riga na jan ƙasa.

“Sule, ka ga hannuna!”

“Na gani, Alhaji. Na ɗauka gaisuwa ce.”

“Ai na yi magana! Kowa ya ji na yi magana!”

“Ka yi, kuma abin da ka faɗa ya fi inji nesa ba kusa ba. Ladarsa na wurin Allah. Inji dai na Mamman ne.”

“To wa ya ce a kira salla ba tari?”

Nan jama'a suka kasa riƙewa. Maman Ngozi ta zauna a kan turmin da ba a saya ba tana dariya tana share hawaye, ta ce, “Alhaji, ka sa na yi asarar ƙarinka, amma na yafe. Wannan kallo ya biya ni.” Na ɗauki alli na rubuta sunan Mamman a jikin inji, muka tafi masallaci. A sahu Allah Ya haɗa kafaɗar Mamman da ta Alhaji. Da aka sallame, Mamman ya miƙa masa hannu ya ce, “Kawu, ashe dai dangin ne.” Da yamma mai shayi ya samo masa amalanken da ya kai injin tasha, Maman Ngozi ta bi shi da galan ɗin gas da ya rage mata, kyauta.

Ba a yi sati ba sai ga Alhaji Garba da sabon janareto a bayan mota, ya ce sadaka ce ga masallacin bakin kasuwa, don bai kamata kiran salla ya riƙa yankewa saboda wuta ba. Man ma ya ɗauki nauyinsa. Liman ya yi masa addu'a mai tsawo, muka shafa. Niyya dai Allah ne Ya san ta, ni ban shiga ba.

Sai dai labari ya riga ya kai kunnen Malam Isa, cewa shekara da shekaru ana cin kasuwa da majinarsa. Tsohon ya ji haushi ƙwarai. Gwanjon da na yi na gaba a unguwar, firji ne babban kaya. Alhaji ya shimfiɗa buzu, janareto na ruri da man da ya saya da kuɗinsa, ya karkata kunne. Muka hangi Malam Isa ya tsaya can bayan masallaci wajen makewayi, ya yi tarinsa ya ƙoshi, ya tofar, sannan ya shiga a hankali kamar mai kamun kaza. Lasifika ta buɗe tangaram, ba ƙwas ba fu, da ƙarar da Tsafe ba ta taɓa ji ba.

Alhaji ya amsa.